Gona da Gari: Sharhi a Kan Maƙalar Beckman Game da Bakolori

A shekarar 1985 Björn Beckman, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ya fitar da maƙalarsa mai suna "Bakolori: Peasants versus State and Capital". Ta shafi madatsar ruwan da kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, aka gama a 1978, ruwanta ya tashi mutane wajen 13,000.

Ƙarfin maƙalar a fili yake. Ta nuna cewa tirjiyar mutanen yankin ba duhun kai ba ce, lissafi ne na wanda aka karɓe wa gona aka bar shi yana jiran diyya. Da wannan ma'auni ake fahimtar tare hanyoyin da manoma suka yi, da kuma harbin da 'yan sanda suka yi musu a Afrilun 1980, zamanin mulkin Shagari.

Sai dai kalmar da aka ɗora nazarin a kanta, wato "manomi", ta yi wa al'amarin kaɗan. Garin Hausa ba taron masu fartanya ba ne kurum. Akwai maƙera da marina da mahauta da malaman zaure, ana kiran unguwa da sana'arta, kowa ya san ƙofar da zai bi da kushewar da kakansa yake kwance. Mai auna diyya yana iya ƙirga ɗaki da itacen ɗorawa, amma maƙwabtaka ba ta shiga takardarsa. Manazarcin da ya bi sawun takardar, ko da don ya soke ta ne, shi ma zai tsallake ta.

Hausa tana da kalmar "kufai" ga garin da aka tashi. Kufai ana komawa cikinsa, a noma shi saboda takinsa, dattijo ya nuna wa jikansa gurbin masallaci. Garin da tafki ya haɗiye kuwa ko kufai bai bari ba, kuma wannan rashi ne dabam da na hatsi. Sabuwar Maradun, inda aka tsugunar da wasunsu, a kan tudu aka kafa ta nesa da fadama, har magidanta da dama suka bar sababbin gidajen suka fita neman abinci wasu wurare.