Yoyon Gindin Bututun Hayaƙi a Tsoffin Gidajen Jos

Jos na cikin 'yan tsirarun garuruwan Nijeriya da za ka shiga gida ka tarar da murhun jin ɗumi a falo, bututun hayaƙinsa na jan bulo ko na dutse ya huda rufi. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sanyin Disamba da Janairu kuma ba ya wasa. Turawan da haƙar kuza ta kawo tun farkon ƙarni na 20 sun gina gidaje irin na ƙasarsu a Rayfield da Bukuru da Anglo-Jos. Kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, kamfanonin haƙarta irin su ATMN sun zama tarihi, amma gidajen suna nan, kuma da yawansu wuri ɗaya suke yoyo: inda bangon bututun ya haɗu da kwano.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Bulo da kwano ba sa motsi tare. Rana ta buga, kwano ya miƙe; dare ya yi, ya tsuke; bulo kuwa kusan yana nan yadda yake. Maginan Ingila sun warware wannan da falle-fallen dalma. Ana sassaƙe layin siminti tsakanin bulo, a cusa bakin dalmar, a lanƙwasa ta hawa-hawa ta sauko ta kwanta a kan rufi, kowane falle ya hau kan na ƙasansa. A bayan bututun, inda ruwa ke taruwa, a yi masa 'yar kwata. Sun zaɓi dalma ne don tana da laushi, ba ta tsatsa, kuma takan yi shekaru gommai. Ba sa barin falle ya wuce mita ɗaya da rabi, don kada zafi da sanyi su tsaga shi.

Abin da ya maye gurbin wannan a yau shi ne shafe. Mai gida ya ga silin ya yi baƙi a watan Agusta, lokacin marka, ya kira kafinta. Kafinta ya hau da bokitin siminti ko kwalta, ko naɗin ledar nan mai danƙo, ya lafta a gindin bututun, ya ce, "Alhaji, an gama." Ba ƙarya ya yi ba, ruwan ya tsaya. Sai dai siminti ba ya bin motsin kwano, damina ɗaya ko biyu ya tsage. Kwalta kuma ranar rani ta busar da ita. Jos tana samun ruwa wajen milimita 1,400 a shekara, wani lokaci har da ƙanƙara. Ruwan da ya bi tsagar ba falo yake fara sauka ba, katakon rufi yake fara jiƙawa, ga gara kuma tana jira. Wannan shi ne arahar da Hausawa suka ce ba ta ado.

Ba na ɗora laifin duka a kan kafinta. Aikin ya faɗa tsakanin sana'a biyu: sassaƙa bango na birkila ne, lanƙwasa ƙarfe na mai kwano ne, kuma da yake an daina gina murhu a sababbin gidaje, yaron da ke koyon aiki bai taɓa ganin ana yi ba. Mai gida ma yakan tsorata da jin kuɗin. Tun da aka sakar wa kasuwa darajar Naira a 2023 farashin kayan gini bai zauna wuri ɗaya ba, har ƙiyasin wannan wata ba ya kaiwa wata mai zuwa. Amma in aka rarrabe kuɗin, ƙarfen da ake bukata 'yan mitoci ne kawai. Nauyin yana kan ladan mutum biyu da za su wuni a sama, da tsani da katakon tsayawa, da ɗage kwanon da ke kewaye, sannan canza raftar da ta ruɓe. Wannan na ƙarshe shi ke ninka kuɗi, kuma jinkiri ne ke jawo shi.

Shin a koma ga dalma? A ganina a'a. Gidaje da yawa a Jos suna tara ruwan indararo a duro, ruwan da ya wanke dalma kuma bai dace da cikin yaro ba. Wanda ya tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400, ba zai raina wannan ba. Dalma tana kuma cin kwanon alminiyam in suka haɗu a cikin danshi, ga shi tana da daraja a wajen 'yan jari-bola. A Ingila ma satarta daga rufin coci tana cikin abin da ya sa aka yi dokar cinikin tsohon ƙarfe a 2013.

Hikimar ba a dalmar take ba, a lanƙwasar take. Fallen alminiyam da aka shafa wa kwalta a bakin da zai shiga siminti zai yi aikin, muddin an cusa shi cikin bango an jera shi hawa-hawa. Hakan ya fi rushe bututun, wanda wasu ke yi don su huta, su raba gidan da abin da ya bambanta shi da gidajen Kano da Kaduna. Lokacin aikin kuwa Fabrairu ne ko Maris, bango ya bushe, kafin ruwan Afrilu ya sauka.