Hukuncin Yaro Mai Karatu: Katsina da Littattafan Hira na Farko

A makarantun horon malamai a kan koya wa ɗalibi irin tambayoyin da zai yi wa yara in sun sauke littafin hira: mene ne jigonsa, wane ne tauraronsa, wane darasi aka koya daga cikinsa. Yara kuwa su haddace amsa su mayar wa malami, kowa ya huta. Amma in aka tashi daga aji, suka zauna su kaɗai a gindin bedi ko a ɗakin kwana, maganarsu dabam ce. Wannan ya ce wane ya burge shi, wancan ya ce wane macuci ne, wata ta ce a wuri kaza marubuci ya shara ƙarya, wata kuma ta ce da ita ce da ba ta bari uwar nan ta mutu ba. Galibin malamai sun ɗauki wannan surutun yara ne kawai. Nufin wannan takarda shi ne ta nuna cewa a cikin surutun nan sharhi na gaskiya ya ke farawa, kuma tarihin birnin Katsina ya isa shaida.

A 1922 Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Shekara goma sha ɗaya bayan haka, watau a 1933, Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zaga garuruwan Arewa yana neman waɗanda za su shiga gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Littattafai biyar aka zaɓa, aka fara buga su daga 1934: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Uku na farko duk da hannun Katsina a cikinsu. Malam Bello Kagara, mai Ganɗoki, yana koyarwa a Kwalejin, shi ne kuma daga baya ya zama Walin Katsina. Ƙanensa Abubakar Imam ya fita Kwalejin a 1932 ya kama koyarwa a Midil ta Katsina. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fita a 1933 ya koma Bauci. Abin lura shi ne shekarunsu: an haifi Imam a 1911, Tafawa Ɓalewa a 1912. Ashe littattafan nan biyu da a ke ɗora wa yara yau kamar maganar kakanni, samari ne 'yan shekara ashirin da ɗaya da ashirin da biyu suka rubuta su, tawadar jarrabawa ba ta gama bushewa a yatsunsu ba.

East ya bayyana wahalar da ya sha cikin wata maƙala da ya buga a mujallar Africa a 1936. Manyan malamai sun ɗauki rubutu abin wa'azi ne da koyar da ilmi, tatsuniya kuwa ta mata ce da yara, don haka da wuya a shawo kan dattijo ya zauna ya ƙaga labari don hira kurum. Waɗanda suka fi saurin amsa kiran su ne waɗanda ba su daɗe da barin karatu don daɗi ba, suna da littattafan Larabci na gida a hannun dama, na Turanci na Kwaleji a hagu.

Ruwan Bagaja shi ne ya fi nuna haka a fili. Imam da kansa ya faɗa cewa daga Maƙamatul Hariri ya sami dabarar haɗa Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Maƙamar nan, ta Hariri mutumin Basra wanda ya rasu a 1122, babi hamsin ce, kuma a zaurukan ƙasar Hausa don lugga a ke karanta ta: malami ya fassara kalma kalma, almajiri ya tara baƙin kalmomi. Labarin da ke ciki, na Abu Zaidu mai wayo da Harisu da ke ta cin karo da shi gari gari, kusan ba a kula da shi. To, saurayin nan labarin ya kula da shi. Ya zubar da tsauraran kalmomi da ƙafiyar zube, ya riƙe abu guda, watau mutum biyu da ba sa rabuwa, duk garin da ɗaya ya sauka sai ɗayan ya ɓullo da sabuwar kama. Sa'an nan ya yi wani gyara wanda ya fi wannan nauyi. A wurin Hariri mai ba da labari ɗan kallo ne, sau da yawa ma shi a ke yi wa wayo. A wurin Imam mai ba da labarin shi ne uban 'yan wayo. Mai karatun da ya san abin da zai ɗauka, da abin da zai yar, da abin da zai juya, ai ya riga ya yanke wa littafin da ya karanta hukunci, sai dai da labari ya rubuta hukuncin nasa.

A duba wurin nan da kowane ɗan makaranta ke tunawa. Alhaji Imam ya sauka wani ƙauye yana cin abinci da sunan malanta, Zurƙe ya zo a gwada ilmi a gaban jama'a. Alhaji ya zana wani lanƙwasasshen abu a ƙasa ya ce a karanta. Zurƙe ya yi ta kawo sunayen baƙaƙe, Alhaji ya ce a'a, siffar jinjirin wata ce, ƙauyawa suka duba suka gaskata, aka kori mai ilmi. Yara su kan yi dariya har da hawaye. Amma in malami ya saurara, zai ji a cikinsu akwai mai cewa an zalunci Zurƙe, don shi ne ya faɗi daidai. Yaron nan ya ga abin da amsar haddar ta ɓoye. Amsar da aka saba rubutawa ita ce littafin yana koyar da juriya da biyayya ga iyaye, tun da Alhaji ya fita neman ruwan ne don ya fid da Liman kunya a fadar Kwantagora. Haka ne. Amma a tsakanin fita da komowa, shekara goma sha biyar, mutumin nan ƙarya da damfara ya yi ta yi, kuma a ƙarshe ba a hukunta shi ba, ɗaukaka ya samu. Yaron da ya ce tauraron littafin macuci ne ya fi wanda ya rubuta darasi uku a jere karanta shi, gama ya taɓo tambayar da littafin ya bari a buɗe: me ya sa mai karatu ke goyon bayan wanda ya san ba shi da gaskiya?

Har wa yau a kan ga yara sun riƙe kowace ƙeta ta mutanen nan biyu, amma in aka ce su jera su bi da bi sai su rikice, waɗansu ma su manta da ruwan da aka fita nema sai can wajen ƙarshe. Malami ya kan ɗauka rashin kula ne. Ba laifinsu ba ne duka. Zaren da ya ɗinke littafin siriri ne ƙwarai, ana iya ɗauke babi daga tsakiya a mai da shi gaba ba tare da an yi ɓarna ba. Wannan rauni ne na gaske a ginin Ruwan Bagaja, gadonsa ne daga maƙama, kuma mantuwar yara ita ce ma'aunin da ya fi saurin nuna shi. Imam ma ya gane haka, don a Magana Jari Ce, wanda ya rubuta a Zariya a 1936, ya ƙarfafa zaren waje, ya ba aku da Waziri aikin riƙe labaran.

Game da Ganɗoki kuwa tambayar yara guda ce, kuma tsohuwa ce: gaskiya ne, ko ƙarya? Waɗansu malamai su kan ture ta, su ce ai labari ne. Ba ta cancanci turewa ba. Kashin farko na littafin yana tafiya kan tarihi: Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, faɗuwar Kwantagora a 1901, hijirar Sarkin Musulmi Attahiru wadda ta ƙare a Burmi a 1903. Sa'ad da littafin ya fito shekara talatin da ɗaya ke nan da Burmi, yaron Midil yana iya komawa gida ya tarad da tsohon da ya ga zamanin da idonsa. Daga nan sai marubuci ya kwashi jarumin da ɗansa Garba Gagare ya kai su ƙasashen aljannu, inda takobi ke ci har yanzu. Yaron da ya tsaya daidai nan ya ce daga ina ƙarya ta fara, ya sa yatsa a kan ɗinkin littafin. Tarihi ya rufe wa barde ƙofa da bindiga mai ruwa, in ana so ya ci gaba da cin nasara dole a fitar da shi daga duniyar mutane. (Kada kuma a manta, ofishin gwamnatin da ta ci Burmi ne zai buga littafin.) Malamin da ya karɓi tambayar nan ya bi ta da yara zai kai su ga ma'anar littafin ta hanyar da ta fi kowace gajarta.

Shaihu Umar shi ne ya fi shan suka a bakin yara. Su kan ce ba dariya a ciki, kuma Umar ba ya yin kome, sai dai a yi masa: a sace shi, a ba da shi, a ƙetare hamada da shi. Abin da suka gani daidai ne, hukuncin da suka ɗora a kai ne bai nuna ba. A nan aikin malami ya ke, kuma tambaya ɗaya ta isa: to, wa ke yin wani abu a littafin? Da wuya a daɗe ba a sami mai cewa uwarsa ba. Ita ce ta bar gida da ƙafarta don neman ɗanta, ta faɗa hannun masu bauta, ta ƙi haƙura, ta kai har ƙasar Larabawa, ta gan shi sa'an nan ta cika. Sunan Umar ke bisa bango, amma nauyin littafin a kanta ya ke. Rashin motsin yaron kuwa shi ne ainihin abin da a ke nufi da bauta, mutum ya zama kaya. Ƙorafin yara ne ya buɗe wannan ƙofa, da an hana su faɗinsa da ba a kai nan ba. Abin sha'awa kuma, littafin da kansa da tambayar almajiri ya fara, wanda ya nemi malaminsa ya faɗa masa asalinsa.

Abin da ya faru a 1933 ya sake faruwa bayan shekara hamsin, da yawa kuma. Jiki Magayi ya riga ya kawo labarin saurayin da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa, amma sai bayan So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid a 1980 hanyar ta buɗe sosai. Samari da 'yan mata suka riƙa karɓar haya, littafi ɗaya ya bi hannu goma, waɗanda suka karanta suka koma suna rubutawa. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da littattafan Balaraba Ramat Yakubu, da na Bilkisu Funtuwa daga lardin Katsina, duk cikin wannan yayi suka fito. Masana suka yi ta muhawara a jaridu cikin shekarun 1990, Ibrahim Malumfashi yana suka, Abdalla Uba Adamu yana karewa, Ibrahim Sheme yana buɗe musu fili. A 2007 har an ƙone waɗansu littattafan a bainar jama'a a Kano don tsare tarbiyyar ɗalibai. Cikin duk wannan manya ne ke magana a kan abin da karatu ke yi wa yara. Su yaran kuwa suna ta aika wa marubuta wasiƙu ta adireshin da ke cikin littattafan, suna faɗin inda labari ya yi daidai da rayuwarsu. Brian Larkin ya yi amfani da irin waɗannan wasiƙu a maƙalarsa ta 1997, a mujallar nan dai da East ya yi kukansa shekara sittin da ɗaya kafin nan.

Lalle akwai abin da za a ce a ɗaya gefen. Hukuncin yaro ɗanye ne. Ya kan bi bakin abokinsa, ya kan so abin da ya zo masa da sauƙi, ya kan auna littafi da ko ƙarshensa ya yi masa daɗi. In aka bar shi haka, gardamar dandali ce za a yi ta yi har a tashi. Amma ɗanyen abu dafa shi a ke yi, kuma wutar da za a dafa shi da ita sharaɗi ne guda: duk wanda ya yanke hukunci ya buɗe littafi ya nuna shafin. Mai cewa an zalunci Zurƙe a sa shi ya koma ya ƙirga sau nawa Alhaji ya cuce shi, sau nawa shi ya rama, wa kuma ya fi zafin hannu. Zai dawo da lissafin da ya fi na farko rikitarwa, gama Zurƙe ma ba kanwar lasa ba ne, kuma kafin ya gama ƙirgar ya karanta Ruwan Bagaja sau biyu.