Ruwan Bagaja Da Masu Ɓoye Rubutu A Ƙarƙashin Katifa

Duk wanda ya saba halartar taron karatu na ƙungiyarmu ya san irin ɗan'uwan nan da kullum ake tambayarsa labarin littafinsa, ya ce saura ɗan gyara. Bana saura gyara, baɗi saura gyara, har takardun su yi ja a ƙarƙashin katifa. Idan ka matsa masa, sai ya ce ai shi bai isa ya fitar da littafi ba alhali ga irin su Magana Jari Ce a duniya. Saboda irin wannan ɗan'uwa ne na ga ya dace mu sake duba littafin farko na Alhaji Abubakar Imam, mu kalle shi da idon mai nazari, ba da idon ɗalibin da aka tilasta wa haddace shi don jarrabawa ba.

A shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙaga labari da Hausa. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. A lokacin Imam yana da shekara 22, yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina, kuma babu wani ƙagaggen littafi na boko da zai ɗora nasa a kansa.

To, mu faɗi gaskiya, littafin yana da rauni. Na farko, dalilin tafiyar Alhaji Imam shi ne ya samo ruwan Bagaja don ya wanke Liman daga kunyar da aka ba shi a fada, a kuma warkar da ɗan sarki. Amma da zarar ya kama hanya sai wannan buri ya koma gefe, labarin ya zama jerin ramuwar gayya tsakaninsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Kana iya ɗauke wani gari daga tsakiya ka mayar da shi gaba, ginin bai rushe ba, domin ba wani abin da ya ɗaure wannan aukuwa da waccan. Na biyu, manazarta sun daɗe da nuna cewa marubucin ya yi aro daga littattafan Larabci, kuma yawan haɗuwar Alhaji da Zurƙe gari bayan gari ya yi kama da tsarin Maƙamatul Hariri. Na uku, taurarin ba sa sauyawa. Wahalar shekaru ba ta ƙara wa Alhaji wani zurfin tunani da mai karatu zai gani ba.

Duk da haka, wa ya taɓa fara littafin ya ajiye? Hausarsa tana gudu kamar hirar dandali, barkwancinsa har yau yana sa aji ya kece da dariya, kuma Zurƙe ya zauna a bakin mutane tamkar wani maƙwabci. Wannan baiwa ba za ta taɓa bayyana ba da matashin malamin ya tsaya jiran ranar da zai iya gina labari marar aibi.

Abin lura kuma shi ne abin da ya biyo baya. A 1936 aka kira Imam Zariya, ya zauna tare da East ya rubuta Magana Jari Ce. A littafi na ɗaya, raunin nan na tsari ya warke. Labaran suna da yawa, wasu ma aro ne, amma an ɗaure su da igiya guda: aku yana ba Musa labari ne don ya hana shi fita ya faɗa tarkon Waziri. Kowane labari yana da aikin da yake yi, domin in aku ya gaza, rai zai salwanta. Imam bai koyi wannan dabara da zaman zulumi ba. Ya koye ta ne bayan ya gama littafi ɗaya, ya miƙa shi ga wani ya karanta, aka nuna masa inda ya yi sako-sako.

Kada kuma a ɗauka ina goyon bayan gaggawa. Muhawarar da aka yi a shekarun 1990 kan abin da aka kira Adabin Kasuwar Kano ta nuna illar kai littafi maɗaba'a ba tare da tacewa ba: kurakuran rubutu, da labarin da ake ja har kashi uku ba dalili. Mai gaggawa da mai ɓoyo, a ganina, ciwonsu ɗaya, wato gudun idon mai gyara. Wancan ya tsallake shi, wannan ya ɓuya masa.

Saboda haka, ɗan'uwa mai takardu a ƙarƙashin katifa, ka kammala labarin ko da kana jin bai yi ba. Ka sanya wa gyaranka wa'adi, in ya cika ka kawo mana shi taro na gaba, ka karanta, ka saurari suka da zuciya ɗaya. Da koyo akan iya, kuma littafinka na biyu yana jiran ka sallami na farko. Allah ya sa mu dace.