Rana a Cikin Tukunya, Mu Kuma a Cikin Duhu

Ƴan uwa ɗalibai, kwanan nan wani bidiyo ya yi ta yawo a wayoyinmu, wai Turawa sun kusa kama rana su rufe a tukunya, wuta ta wadaci duniya. Tukunyar ita ce tokamak. A Dogo-Dogo na kalle shi, da wayar da na biya aka yi wa caji a wurin mai sola.

Hikimar ba ƙarya ba ce. Masanan Tarayyar Sobiyet suka ƙirƙiro ta a shekarun 1950. Ana zafafa haidurojin iri biyu ya wuce digiri miliyan 100, maganaɗisu ya riƙe shi cikin zobe don kada ya taɓa bango, ƙwayoyinsa su haɗe su fitar da zafi. Amma mai bidiyon ya haɗiye abu uku.

Na ɗaya, har yau babu tokamak da ta kunna ko ƙwan fitila ɗaya a gidan wani. Na'urar JET ta Ingila ta kafa tarihi a 2023 da megajul 69 cikin daƙiƙa biyar. Kun san ko nawa ke nan? Kusan kilowat-awa 19, shi ma zafi ne kawai, kuma abin da ta ci ya fi abin da ta bayar.

Na biyu, babbar cikinsu, ITER, da ake ginawa a kudancin Faransa, tun 2006 aka sa hannu a yarjejeniyarta. A 2024 aka ɗage gwajinta da ainihin makamashin zuwa 2039. Ko ta yi nasara, ta gwaji ce, ba za ta sayar da wuta ba.

Na uku, ɗayan haidurojin ɗin, tiritiyom, yana da ƙaranci ƙwarai, rabinsa kan lalace cikin kimanin shekara 12. Dole tashar ta riƙa haifar da nata daga litiyom, kuma babu wanda ya nuna hakan a ma'aunin kasuwa.

To, mu fa? Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, yana haska biranen wasu. Amma da Najeriya ta yanke mana layi a Agustan 2023, har Yamai ta sha duhu. Wutar da ake yi a nesa, mu ne na ƙarshe a rabonta.

Ban ce a bar bincike ba. Sai dai ranar da suke wahalar kwaikwayo, mu kyauta take gasa mu. Malbaza ta samu tashar sola mai megawat 7 a 2018, Gorou Banda mai 30 a 2023. Firij ɗin ajiye allurar rigakafi da injin ban ruwa ba za su jira 2039 ba. Wanda zai zaɓi fannin karatu cikinmu ya tuna: ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.