Ganɗoki da Iliya Ɗan Maiƙarfi: Idan Aka Haɗa Su, Wa Zai Kwana Ƙasa?

Duk shekarar da muka karanta Iliya Ɗan Maiƙarfi da ɗalibanmu a nan Batsari, muka kuma ara musu Ganɗoki su je su duba a gida, sai gardama ɗaya ta tashi, ba ta fashi: wai idan aka haɗa jaruman nan biyu a fage guda, kowa bisa dokinsa, kowa da takobinsa, wa zai kwana ƙasa? Nan take aji yakan rabu biyu, kowane ɓangare ya ja daga. A da mukan tsawatar, mu ce a bar shirme a koma kan jigo da salo, tun da su ake tambaya a jarrabawa. Daga baya muka gane cewa mu ne a kan kuskure, domin kuwa yaron da ya miƙe yana kare Iliya da hujja daga cikin littafi ya fi wanda ya haddace ma'anar jigo yin nazari. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu kawo gardamar zauren marubuta, musamman da yake da yawa daga cikin rubuce-rubucen da matasan ƙungiya ke kawo mana dubawa labaran jarumtaka ne.

Littattafan biyu dai duk suna da cibiya a ƙasar Katsina. Ganɗoki na Malam Bello Kagara ne, yayan Abubakar Imam, wanda ya koyar a Kwalejin Katsina, daga baya ya zama Walin Katsina. Yana cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, aka buga shi a 1934. Shi kuwa Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ne, ya fito a 1951. Manazarta sun daɗe da nuna cewa tushensa labarin wani gwarzon Rasha ne mai suna Iliya Muromets. Birnin Kib shi ne Kiyef, babban birnin Yukren a yau, Sarki Waldima kuwa shi ne Biladimir wanda ya mulki birnin wajen shekara dubu da suka wuce. Mu ba mu ga abin kunya a nan ba. Ingawa ya yi wa baƙon wanka ya sa masa riga da rawani, har sunan dokinsa Ƙwalele ya shiga bakin mutanen da ba su taɓa buɗe littafin ba.

Magoya bayan Iliya hujjarsu a fili take. Sun ce mutum ne da ya tashi gurgu, yana zaune a gida har ya girma, iyayensa na gona, sai wasu baƙi suka zo suka tashe shi, ya sami ƙarfin da ba na 'yan Adam ba. Suka kuma shaida masa cewa ajalinsa ba a fagen fama yake ba, sa'annan suka lissafa masa wasu 'yan kaɗan da ba zai tara da su ba, cikinsu har da Wargaji. To, in ji ɗaliban, tun da sunan Ganɗoki ba ya cikin waɗanda aka lissafa, ai shari'a ta ƙare. Magoya bayan Ganɗoki kuwa sai su ce wanda ya yi gaba da gaba da sojan Lugga, ya kuma wuce ya yi ta sāran aljanu da arna a ƙasashen gabas shi da ɗansa Garba Gagare, ba gurgun jiya ne zai tsorata shi ba.

Kafin mu yanke hukunci, akwai abin da duk alƙali zai fara tambaya: daga bakin wa muka ji? Ƙarfin Iliya mai ba da labari ne ya shaide shi, shi Iliya bai cika surutu ba. Ganɗoki kuwa shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne kuma marokin kansa. Da bakinsa yake ba da labarin, yana yi yana kirari, kuma duk wanda ya taɓa zama gaban tsohon mafarauci ya san yadda ɓauna ɗaya take zama uku kafin a tashi hira. Ba muna cewa Ganɗoki maƙaryaci ba ne. Abin da muke cewa shi ne Malam Bello ya san abin da yake yi da ya sa labarin a bakin tsohon mayaƙi, domin rabin daɗin littafin a cikin cika bakin nan yake. Amma idan auna ƙarfi za a yi, dole a rage wani abu daga mudun mai auna kansa.

Abu na biyu shi ne fagen. Ganɗoki biyu ne a cikin littafi ɗaya, kuma a nan ne muke so 'yan'uwa marubuta su tsaya su duba da kyau. Na farko mutumin Kwantagora ne, baraden Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, yana tafe a kan ƙasar da muka sani, cikin shekarun da tarihi ya rubuta. Turawa sun ci Kwantagora a farkon 1901. Ƙaurar da aka yi gabas bayan faɗuwar Sakkwato ta ƙare a Burmi a watan Yuli na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Wannan Ganɗoki na farko, duk da kirarinsa da layunsa da zafin zuciyarsa, bai hana ko ɗaya daga cikin waɗannan faruwa ba. Marubucin bai isa ya ba shi nasara ba, domin waɗanda suka ga yaƙin da idonsu suna raye a 1934, shekara talatin kacal ke nan da ɗoriya. Bindiga mai ruwa ba ta jin kirari. Sai da Malam Bello ya fitar da tauraronsa daga ƙasar Hausa, ya kai shi inda babu mai ƙaryata shi, sa'annan Ganɗoki na biyu ya bayyana, wanda ba a taɓa kāda shi.

To ga abin mamaki. Daidai inda ƙarfin Ganɗoki ya fara hauhawa, daidai nan ƙarfin littafin ya fara sauka. Shafukan farko, inda ake gudu ana waiwaye, ana shawara, ana rasa gari bayan gari, su ne suke kama zuciya, kuma a tamu fahimtar babu wani wuri a cikin Iliya da ya kai su nauyi. Amma da aka shiga ƙasar aljanu, sai yaƙi ya zama kamar sussuka: an zo, an sare, an ci, an musuluntar, an wuce gaba. Mun sha lura da ɗalibai suna tsallake shafi a wannan kashi ba tare da sun rasa zaren labarin ba. Wasu manazarta sukan fassara kashin da cewa huce haushi ne, wato abin da aka kasa yi wa Nasara a gida aka je aka yi wa aljani a waje. Fassarar tana da kyau, mun kuma yarda da ita, sai dai ba ta mayar da shafukan masu daɗin karatu ba.

Shi Iliya an gina shi ne a kan iyaka tun daga tushe, kuma wannan ce gwanintar da Ingawa ya gada daga masu labarin na asali, ya kuma yi hankali bai zubar ba. An ba shi ƙarfi, a zama ɗaya kuma aka gaya masa akwai waɗanda suka fi shi. Da ya gamu da Wargaji, sai ga gwarzon da muke taƙama da shi an ɗauke shi kamar ɗan tsako. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Shi kansa Wargajin akwatin dutse ne ya gama da shi, ba takobi ba. Haka kuma Waldima, sarkin da Iliya ya yi wa bauta, shi ne ya jefa shi kurkuku, bai tuna da shi ba sai da maƙiya suka taso wa Kib. A ƙarshe babu wanda ya kashe Iliya. Dutse ya zama. Ku tambayi duk wanda ya karanta littafin yana yaro abin da ya fi tunawa, za ku ji waɗannan wuraren ne yake kawowa, ba yawan kawunan da aka fille ba.

Saboda haka idan an matsa mana sai mun faɗi wanda zai kwana ƙasa, to, Ganɗoki ne. Dokar littafin Iliya ta hana a kashe shi a yaƙi, dokar littafin Ganɗoki kuwa ta riga ta nuna mana cewa ana iya cin ɓangarensa, har ya bar gida. Sai dai ba ma jin za a kai ga kisa. Mutumin da ya ga abin da ya faru da Kwantagora ya san lokacin da ake juya linzami, kuma muna kyautata zaton da ya isa gida zai ba da labarin karon ta yadda mai sauraro zai rantse shi ya yi nasara.

Kakanninmu ma sun yi irin wannan gardama, sun kuma warware ta a tatsuniya. Akwai labarin mutumin nan da ya addabi matarsa da kiran kansa namiji mijin maza, har ranar da ya faɗa gidan mai sunan na gaskiya, ya sha da ƙyar. Yana cikin tatsuniyoyin da Malam Shaihu ya rubuta wa Rattray, aka buga a 1913. Abin lura shi ne yadda aka ƙare: da mijin mazan na gaskiya ya kama kokawa da wani ƙaton daji, babu wanda ya kāda wani, sai suka tashi sama, wai tsawar da muke ji da damina su ne har yanzu suke fama. Wato mai tatsuniya ya gane cewa idan ƙarfi marar iyaka ya haɗu da irinsa, labari ya tsaya, sai dai a jefa su sama a huta. Dukan daɗin tatsuniyar yana wurin mai cika bakin nan da ke gudu. Su ma Amurkawa da suka ƙirƙiro Sufaman a 1938, ba a jima ba sai da suka nemo wani dutse da ke karya masa lago, don sun ga kasuwa za ta mutu.

Wannan ya kawo mu ga rubuce-rubucen da ake kawo mana. Tun da labaran yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini suka karɓu a hannun matasa, sai kowane mai sha'awar rubutu ya ɗauko sadauki ya ba shi takobin tsafi da zobe da aljani mai hidima. Ba mu ƙi ba. Karatu dai ake so a yi, kuma waɗannan littattafai sun jawo yara maza da yawa da littattafan soyayya ba su jawo ba. Amma kwanan baya wani matashi ya kawo mana littafin rubutu cike, tauraronsa ya kashe dakaru dubu arba'in a shafi na uku. Muka tambaye shi, “To, ɗan'uwa, me ya rage da zai ba mu tsoro a shafi na huɗu?” Ya ce ai akwai dubu tamanin suna tafe. Ga shi yaron yana da Hausa mai kyau, ya iya tsara zance. Abin da bai yi ba shi ne ya zauna ya tambayi kansa me sadaukin nan yake tsoro, wa ya fi shi, me zai rasa idan ya ci, wa yake jiransa a gida. Mun ba shi Iliya muka ce ya je ya ƙirga wuraren da aka fi ƙarfin Iliya, ya dawo mu yi magana.

Akwai kuma wani dalili da ya sa maganar nan ta fi mana nauyi a wannan yanki. Ƙasar Ruma ce, inda tsofaffi har yau suke ba da labarin Ɗanwaire da yaƙe-yaƙensa kafin zuwan Turawa, saboda haka yaranmu ba baƙin labarin mazaje ba ne. Amma kuma yaran da ke zaune gabanmu sun tashi ne a bakin dajin Rugu, wanda ya ratsa Batsari da Safana ya miƙa har Zamfara. Sun san abin da ya faru a Tsauwa da Dankar a watan Fabrairu na 2020, inda aka kashe mutum talatin a dare ɗaya. Sun san an kwashe ɗalibai sama da ɗari uku a Ƙanƙara a watan Disamba na shekarar. Wasunsu daga ƙauye suka dawo cikin gari da 'yan kayansu a ka. Mai karatu irin wannan ya san ƙarar bindiga, ya san abin da take yi wa mai laya da marar laya. Idan ka ce masa mutum ɗaya ya kashe dubu arba'in, zai karanta don ya huta, amma ba zai ɗauke ka da muhimmanci ba, kuma ba zai ga kansa ko ubansa a cikin littafinka ba.

A gardamar bara, bayan mun faɗi hukuncinmu 'yan Iliya suna ta murna, sai wani yaro da bai cika magana ba ya ɗaga hannu daga bayan aji. Ya ce, “Malam, to a cikinsu wa zai iya shiga Rugu ya dawo da shanunmu?” Aji ya yi tsit. Muka ce masa Iliya zai shiga ba tare da ya tambayi kowa ba, tun da an riga an gaya masa ba a can zai mutu ba. Shi kuwa Ganɗoki, na farkon nan muke nufi, na Kwantagora, zai fara tambayar bindiga nawa ce a ciki, ta wace hanya suke fitowa, kuma ina za a kai mata da yara kafin gari ya waye. Mai yiwuwa ma a ƙarshe ya ce a tashi a bar garin. Yaron ya ɗan yi shiru, ya ce, “Ashe shi ma irin Babanmu ne.” Ya zauna. Da aka tashi, shi ya zo ya karɓi Ganɗoki ɗin da muke arawa, kuma har yanzu bai dawo mana da shi ba.