Ƙarin Auduga a Bangon Ƙarfe: Ina Raɓar Za Ta Sauka?

A jihohin Amurka masu tsananin sanyi irin su Minnesota da Wisconsin, da ƙauyukan Kanada, ginin ƙarfe ya zama ruwan dare: sito, gareji, shagon kafinta, rumfar tarakta. Abin da aka saba shi ne a shimfiɗa bargon audugar gilashi mai kaurin inci 3 zuwa 6 tsakanin kwanon waje da ƙarafan da ke kwance jikin ginshiƙai, fuskarsa ta ciki kuma lulluɓe da farar leda mai tare tururi. Da mai gini ya sha ɗari ya ga kuɗin gas, sai ya kafa wani bangon katako daga ciki, ya cusa ƙarin auduga, ya rufe da sabuwar leda da allo. A ganina masu wannan al'ada kauri kawai suke lissafawa, sun manta da inda ruwan da ke cikin iska zai sauka bayan an gama aiki.

Iskar ɗaki mai zafin digiri 21, wadda ke ɗauke da rabin danshin da za ta iya ɗauka, tana fara zubar da raɓa da zarar ta taɓa abin da sanyinsa ya kai wajen digiri 10, kamar yadda kwalbar lemo ke gumi idan an fito da ita daga firji. Kafin ƙarin, tsohuwar ledar tana fuskantar ɗaki tana shan ɗuminsa, saboda haka ba ta jiƙewa. Bayan ƙarin kuwa ta koma tsakiyar bango, sabuwar audugar ta tare mata ɗumi, ta yi sanyi ƙalau. Duk tururin da ya sulale ta ramin soket ko gefen allo a kanta zai zama ruwa, ga shi kuma leda gaba leda baya, ba hanyar bushewa. Katako yakan tsotse ya saki a hankali, amma ƙarfe ba ya shan ko ɗigo: ruwan sai ya gangara gindin bango, auduga ta jiƙe ta daina aiki, kusoshi su yi tsatsa, funfuna ta kama bayan allo. Wannan ne ya sa magina a Kanada ke da tsohuwar ƙa'ida cewa aƙalla kashi biyu bisa uku na ƙarfin abin tare sanyin ya kasance ta wajen ledar. Wanda ya ɗora inci 6 a kan bargon inci 3 da aka riga aka matse ya juya ƙa'idar a kife.

Wani zai ce mutane da yawa sun yi hakan ba abin da ya faru. Gaskiya ne, idan sito ne busasshe da ba a ɗumamawa. Amma wanda ya kashe kuɗin ƙarin auduga ai ɗumama wurin zai yi, sau da yawa da hitar gas marar bututun hayaƙi, alhali ƙona kilo 1 na gas ɗin furofen na sakin ruwa kusan kilo 1.6 a iska. A haɗa da ƙanƙarar da ke narkewa daga tayar mota da sabon daɓen siminti da bai gama bushewa ba. Ɓarnar kuma a ɓoye take, tana iya shekaru kafin ta bayyana.

Masu sayar da kumfar feshi mai toshewa suna cewa tasu ta raba gardama, kuma hujjarsu na da ƙarfi, domin inci 2 nata da ya manne jikin kwano ba ya barin sararin da iska za ta taɓa ƙarfe. Sai dai tana da tsada, tana wahalar da canjin kwanon da ya lotse, tana kuma ɓoye yoyon da ke shigowa daga waje.

A Kano ko Maraɗi lissafin a juye yake. A watan Agusta iskar waje mai digiri 30 da danshi kashi 80 cikin ɗari tana yin raɓa a wajen digiri 26, don haka a ɗakin sanyi na kifi ko ofishin kwantena mai na'urar sanyaya ɗaki, tururin daga waje yake kutsowa. Wanda ya kwaikwayi maginan Minnesota ya sa ledarsa ta ciki, to ya sa ta daidai inda ruwan zai taru.