Wasiƙar da ta jira shekara 60

A shekara ta 2003 marubucin Faransa Marc Petit ya fitar da littafi mai suna L'équation de Kolmogoroff, kan rayuwar Wolfgang Doeblin, gwanin lissafin yiwuwa, wato ilimin auna abin da zai iya faruwa kafin ya faru. An haifi Doeblin a Balin a 1915. Da yake Bayahude ne, iyalinsa suka tsere wa mulkin Hitila a 1933, ya zama ɗan Faransa a 1936. Yana soja, mai kula da tarho a bakin daga, ya cika wani littafin ƴan makaranta da lissafin yadda ƙwayar ƙura ke yawo cikin ruwa ba tare da alƙibla ba. A Fabrairun 1940 ya aika da shi a rufe ga Majalisar Masana Kimiyya ta Faris. Ran 21 ga Yuni, da sojojin Jamus suka ƙaraso, ya kashe kansa a ƙauyen Housseras, yana ɗan shekara 25. Sai a 2000 aka buɗe wasiƙar, aka tarar ya hango abin da Kiyoshi Ito na Japan ya kafa daga baya.

Ƙarfin littafin shi ne yadda ya jera uba da ɗa: Alfred Döblin, shahararren mawallafi, da yaron da bai taɓa fahimta ba. Rauninsa ma daga nan yake. Petit ma'abocin adabi ne, don haka inuwar uban ta kan rufe ɗan. Mai karatu zai ƙare da tausayin Doeblin, amma da wuya ya iya faɗin abin da ya gano.

Duk da haka littafin ya bar tambaya ga malaman Rumbu da Dakwaro. Muhammadu al-Katsinawi ya rubuta littafi kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti. Ɗalibai nawa suka taɓa jin sunansa a aji? Wasiƙar Doeblin ta jira shekara 60 kafin ta sami mai buɗe ta. Aikin Bakatsinen ya kusa shekara 300 yana jiran ƙungiyar da za ta mayar da shi Hausa, ta miƙa wa yara.